Baƙon da ba raɓa ba: yadda za ku riƙe 'yan gudun hijirar da suka sauka garinku

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a wani ƙauye cikin karkarar Gidan Rumji, jihar Maraɗi, ba nisa da iyaka. Wata uku ke nan da mutane suka kwararo mana daga yankin Sabon Birni na jihar Sakkwato a Najeriya, bayan 'yan bindiga sun tashi garinsu. Gida 27 ne, rai kusan 160, galibi mata da yara. Mun raba su gidajenmu, ni kaina akwai wata tsohuwa da jikokinta huɗu a wurina. Da farko kowa ya yi rawar gani. Yanzu rumbuna sun yi ƙasa, mata suna faɗa a bakin rijiya, har an fara raɗe-raɗin wai akwai infoma cikinsu. Wasu na cewa a sallame su su tafi sansani. Me ya kamata mu yi da ba za mu cuce su ba, mu ma ba za mu cuci kanmu ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri, ya mayar muku da ninkin abin da kuka ɗebo a rumbunanku. Na yi shekaru ina aikin agaji, da farko a jihar Diffa, daga baya a taku jihar, aikina kuwa rajistar waɗanda suka iso da tsayawa a wurin rabon kaya. Don haka labarinka bai zo mini a baƙo ba. In na fahimce ka, karamcin da kuka shirya na kwana uku ne ya zarce wata uku, kuna kuma tsoron kada ya rikiɗe ya zama gaba.

Kusan duk garin da na sani da ya sauki masu gudu, makon farko ba ya ba shi wahala. Mutum ya ga mace da goyo ta kwana tana ratsa daji ba takalmi, ba sai an yi masa wa'azi ba zai buɗe ƙofa. Matsala tana tasowa ne lokacin da mai gida ya gane cewa ba tafiya za su yi ba. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, to amma kan fatake da 'yan biki aka yi maganar. Wanda yaƙi ya koro ba ya bushewa da hantsi. Mutanen Damasak ta jihar Borno da suka tsallako kogin Komadugu zuwa jihar Diffa a ƙarshen 2014 sun zaci kwanaki za su yi. Sansanin Sayam Foraj da aka buɗe a jihar Diffa a wancan lokacin ya haura shekara goma da mutane a cikinsa. A nan Maraɗi kuwa tun watan Afrilun 2019 aka fara wannan kwararowar daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Cikin 'yan makonni hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda kuke kira HCR, ta lissafa kusan mutum 20,000, kafin ƙarshen watan Satumba sun wuce 40,000, da yawansu kuma har yau ba su koma ba. Saboda haka gyara na farko a cikin kanku yake: ku daina lissafin sallama, ku koma lissafin maƙwabtaka. Duk shawarar da zan ba ka a ƙasa kan wannan ta ginu.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da nake son ka tuna wa masu cewa a kore su. Garin Maraɗi kansa masu gudu ne suka raya shi, Katsinawan da suka baro Birnin Katsina da sarautarsu a farkon ƙarni na 19. Tsibiri ma haka, Gobirawa ne suka kafa ta bayan an ci su da yaƙi. Mutanen Sabon Birni kuma Gobirawa ne. In aka bi salsala, tsohuwar da ke gidanka ba za ta rasa dangi a unguwarku ba. A shekarun fari, samarinku can suke gangarawa cin rani. Gida biyu maganin gobara, bana tasu ce ta kama.

Abin da doka ta ce, da dalilin da ya sa rajista ta fi komai gaggawa

Da Hausa duk wanda ya bar gidansa don tsira ɗan gudun hijira muke ce masa, amma a takarda an bambanta. Wanda ya ƙetare iyakar ƙasa, kamar baƙinku, yana ƙarƙashin yarjejeniyar Janeba ta 1951 da kuma ta ƙasashen Afirka ta 1969, wadda aka sa wa hannu a Adis Ababa. Ta biyun ta fi dacewa da halin da muke ciki, domin ta haɗa har da wanda tashin hankalin da ya dagula zaman lafiyar yankinsa ya tilasta wa gudu, ko da ba shi kaɗai ake farauta ba. Wanda kuwa ya gudu bai fita ƙasarsa ba, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi, Nijar ma ta yi dokarta a kan haka a 2018. Abin da ya fi shafarku a cikin waɗannan takardu magana ɗaya ce: ba a tilasta wa mai neman mafaka komawa inda ransa ke cikin haɗari. Ko gwamnati ba ta da wannan hurumin, balle taron dattawan unguwa.

Ba ka faɗa mini ko an yi musu rajista ba. In ba a yi ba, wannan ne aikin gobe da safe. Mai gari ya zauna da dattawan baƙin a rubuta kowane gida: sunan mai gida ko uwar gida, yawan rai, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki, tsofaffi, masu naƙasa, yaran da suka zo ba iyayensu, da garin da suka fito. A yi kwafi, ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya a kai wa sarkin yanki, ɗaya ofishin magajin gari da na prefe, wato wakilin gwamnati a yankin, su ne za su tuntuɓi hukumar gwamnati mai kula da 'yan gudun hijira da HCR. Wanda sunansa ba ya cikin takarda, a idon masu agaji babu shi. Na sha ganin ƙauye ya ciyar da mutane wata shida ba wanda ya leƙo, don kawai ba wanda ya kai rahoto. Kada kuma ku ƙara adadi don a kawo da yawa. Za a zo a ɗauki hoton yatsu, in ƙarya ta fito, gaskiyarku ta gaba ma ba za a saurara ba. Jaririn da aka haifa a garinku a yi masa takardar haihuwa a nan, kada a ce sai an koma gida. Yaron da ya tashi ba takardar Nijar ba ta Najeriya, shi ke shan wahala ranar shiga makaranta ko ranar da ya ci karo da shingen jami'ai.

Lissafin rumbu da na rijiya

Faɗan da mata ke yi a bakin rijiya ba mugun hali ba ne, lissafi ne bai fita ba. Ma'aunin da muke aiki da shi a aikin agaji, mafi ƙaranci lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da wanka. Rai 160 ke nan lita 2,400, wato jarka 120 mai cin lita ashirin, kullum, a kan rijiyar da dama da ƙyar take isar ku da dabbobinku. Ta fannin ci kuwa, babban mutum da yaro in an haɗa aka raba, ana ƙiyasta wajen giram 400 na hatsi kowace rana. Baƙinku suna buƙatar kilo 64 ke nan a yini, kimanin tiya 26, buhu 19 mai kilo ɗari a wata. Ka ninka sau uku ka ga abin da ƙauyenku ya riga ya fitar. Ka faɗa wa mutanenku wannan adadin a bainar jama'a, domin wanda ya san girman abin da ya ɗauka ba ya ganin gajiyarsa a matsayin rowa, kuma da wannan lissafin za ku je gaban hukuma, ba da "muna cikin wahala" kawai ba.

Kafin taimako ya iso, akwai abin da ke hannunku. Ku raba lokacin ɗiban ruwa, ku sa mace ɗaya daga cikinku da ɗaya daga cikinsu su tsaya kan layi tare. Ku daina barin nauyin a kan gidan da ya sauki baƙo shi kaɗai. Kai da ka ɗauki rai biyar da maƙwabcinka da bai ɗauki kowa ba, bai kamata a ce rumbunka ne kawai ke raguwa ba. Na ga garin da suka ajiye buhu a masallacin Juma'a, kowane gida yana zuba tiya ɗaya a mako, limami da wasu dattawa biyu suna rabawa. Zakkar hatsi da ta fidda-kai ma suna da gurbi a nan, malamanku sun fi ni sanin bayaninsa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Wata rana a wani gari da ke bakin kwaltar Diffa muna rabon shinkafa da mai. Mun ja igiya, masu kati a ciki, marasa kati a waje. Sai na lura da wata mata tsaye a wajen igiyar, ta rungume hannu, ba ta ce uffan ba. Abokin aikina ɗan garin ya raɗa mini cewa mutum tara daga cikin waɗanda ke kan layin a gidanta suke, ta sayar da akuyoyinta biyu ta ciyar da su. Ga shi baƙinta suna fita da buhu a ka, ita kuwa ko cokalin mai ba ta cikin lissafi, domin ba 'yar gudun hijira ba ce. Muna tattara kayanmu muka tafi. Da muka dawo bayan wata guda, an yi wa mutum taran nan bukka a bayan gari, ba sa ko gaisawa. Mu muka raba su, da igiyarmu. Daga baya ƙungiyoyi da yawa sun gyara, suna ware kaso ga masu masauki. Amma kada ku jira a tuna da ku. Duk ƙungiyar da ta zo, mai gari ya faɗa mata tun a zaure cewa a sa gidajen da suka sauki baƙi da matalautan gari cikin lissafi, kuma in za a yi aiki, a yi wanda kowa zai mora: famfo, ƙarin aji, magani a gidan likita. Su ma baƙin ku ja su cikin maganar, domin su ne farkon waɗanda za su sha zafin hassadar in ta taso.

Kada kuma ku ɗora rai kacokan a kan ƙungiyoyi. Tun 2025 da Amurka ta zaftare kuɗin agajinta, wasu ƙasashen ma suka bi sahu, rabon abinci ya ragu a wurare da dama. Abin da zai zo ba zai kai buhu 19 ɗin nan kowane wata ba.

A nuna musu kasuwa

Kowa ya san labarin Abdurrahman ɗan Aufu da ya iso Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa Ba'ansare Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa. Mutanen da ke gidajenku manoma ne da makiyaya da masu sana'a. Watanni kaɗan da suka wuce su ke ba wasu sadaka. Zaman jiran kwano yana cin mutum fiye da yunwa, kuma shi ke sa mai gida ya fara jin haushi.

Ku tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da kowa ya iya. Za ka sha mamaki. Na taɓa samun wani dattijo da ya yi wata biyu zaune a gindin bedi ba ya magana da kowa, an ɗauka taɓin hankali ne. Ashe tela ne, kekensa aka ƙone tare da shagonsa. Wani ɗan garin ya ara masa tsohon keken mahaifinsa da ke jibge a ɗaki, bisa sharaɗin su raba abin da aka samu. Kafin sallah yana ɗinki har dare da fitilar waya a baki. Mata masu ƙuli-ƙuli da awara da fura jarin da suke nema bai taka kara ya karya ba, a sa su cikin adashin matan gari. Wanda ke da awaki ya ba da uwa a yi kiwo a raba 'ya'ya.

Maganar gona ita ce mai wuya, domin ƙasar noma a jihar Maraɗi ta riga ta yi wa masu ita kaɗan. In akwai mai iya ba da aro, a yi shi gaban mai gari da shaidu, a rubuta cewa aro ne, na damina nawa, da abin da za a ba mai gona in an girbe. Aron da aka yi da baki cikin tausayi, bayan shekara uku shi ke zama shari'a tsakanin 'ya'ya. Sannan ku kula da farashin barema. Mai yunwa zai karɓi rabin kuɗin yini, masu gonaki su ji daɗi, samarin gari kuma su ga baƙi sun karya musu kasuwa. Ku tsayar da kuɗi ɗaya ga kowa.

Lafiya da mutuncin mata da yara

Nan ba na son a yi jinkiri. Cunkoso da ƙarancin ruwa su ne abokan kwalara, kuma jiharku ta ɗanɗana ta a 2018, lokacin da ta ɓarke a Madarumfa, ta sake dawowa a 2021. Ƙa'ida masai ɗaya ga mutum 20, ke nan takwas kuke buƙata, na mata daban, nesa da rijiya. Gayyar yini biyu ta isa a haƙa su kafin ruwa ya sauka. A kai yara duka gidan likita a duba rigakafinsu, musamman na ƙyanda, domin yankunan da suka fito an daɗe ma'aikatan lafiya ba sa iya shiga. A nemi ma'aikacin lafiya ya auna damtsen ƙananan yara da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Wanda ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, ranar za a kai shi.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Inda aka tara zawarawa da 'yan mata marasa uba a gaban masu hatsi, ba a rasa mai neman cin moriyar yunwarsu, wani da sunan auren taimako, wani ma ba da sunan komai ba. Na ga an ɗaura wa yarinya aure da sadakin da bai kai kuɗin buhu ba, damina na wucewa aka sake ta da ciki. Limami da mai gari su tsaya kan cewa ba a ɗaura auren baƙuwa sai da waliyyinta na gaskiya da yardarta, ba kuma yarinya ƙarama ba. In ma'aikacin wata ƙungiya ne ya nemi wani abu kafin ya rubuta suna, a kai ƙararsa, kayan agaji kyauta ne. Wasu matan kuma an yi musu abin da ba za su iya furtawa ba kafin su iso. Kada a tsare su da tambaya, kada a sa su maimaita labari gaban jama'a. A samu dattijuwa mai riƙe sirri ta raka su wurin ungozomar gidan likita. Yaran da ke firgita cikin dare ko suke fitsarin kwance bayan sun girma, ba duka suke buƙata ba. A sa su makarantar allo da ta boko tare da naku, ko da karatun can da Turanci ne na nan da Faransanci. Ƙanana ba sa daɗewa suke kamawa.

Batun infoma

Ba zan ce maka tsoron banza ba ne, domin 'yan bindiga suna da masu kai musu labari, wannan kowa ya sani. Sai dai abin da na gani shi ne, zargin yakan tashi ne daidai lokacin da hatsi ya ƙare, kuma yakan faɗa kan wanda ba shi da mai tsaya masa. Ka tambayi mai yaɗa maganar: wa ka gani, yaushe, yana me? Sau da yawa za ka tarar "an ce" ne. Baƙin nan sun fi ku sanin junansu, sun kuma fi ku tsoron mutanen da suka kore su. Ku sa dattawansu cikin kwamitin gari, duk sabon da ya iso su tabbatar da ko ɗan wane ne kafin a ba shi masauki. In an samu abin zargi na gaske, a kai wa mai gari, shi ya kai wa jandarma a asirce. Kada a bar samari su yi hukunci da sanda, domin ran da aka kashe mutum bisa zato, garin ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Ku kuma hana ɗaukar hotunansu ana watsawa a Facebook da WhatsApp da sunan neman taimako. Wani ya gudo ne daga hannun masu garkuwa, ba ya son a san inda yake. Ni ba jami'in tsaro ba ne, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, sauran na masu kaki ne.

To, su tafi ko su zauna?

A jihar Maraɗi ba a bi tsarin sansani mai shinge ba. An zaɓi wasu garuruwa da ke nesa da iyaka, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka zaunar da 'yan gudun hijira kusa da mutanen gari, aka ƙara ruwa da azuzuwa da wurin magani don kowa. Dalilin nisantar iyaka yana cikin yarjejeniyar 1969 ɗin nan, kuma abin da ya faru a Tumur ta jihar Diffa a Disambar 2020, inda aka kai hari garin da ke cike da masu gudu aka kashe mutane aka ƙone gidaje, ya nuna ba maganar takarda ba ce kawai. Tunda ka ce kuna kusa da iyaka, ni a ganina gidajen da ba su da namiji mai ƙarfi, ba su da dangi a garinku, ba kuma abin da ya ɗaure su da bakin iyaka, gara su matsa ciki in hukuma ta ba da dama kuma akwai wuri. Amma ku sani wasu za su ƙi, kuma suna da hujja: wani yana lallaɓawa da rana ya duba gonarsa, wata mijinta yana hannun 'yan bindiga, tana jiran labari. Shawarar tasu ce. Naku shi ne ku kira jami'an su zo su yi bayani a gaban kowa, in ya yiwu wakilan baƙin su je su gano wurin da idonsu su dawo su faɗa.

Daga nan inda nake ba zan iya sanin zurfin rijiyarku ko yawan gonar da za ku iya bayarwa ba, kuma ko gida nawa garinku zai iya riƙewa, ku ne za ku yanke bayan kun yi lissafin da na nuna maka. Ita kuwa tsohuwar da ke wurinka, ka tambaye ta a hankali ina iyayen jikokin nan huɗu suke. In rabuwa suka yi a hanya, ka sa a rubuta sunayensu da garinsu cikin rahoton da za a kai, domin Red Cross ta Nijar tana aikin neman dangin da gudu ya raba.